Littattafanka da Ƙaryata

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Wayarka ma tana cikin durowa a kashe tun ranar da aka dawo mana da ita daga asibiti, a leda ɗaya da agogonka. Amma ni dai zan rubuta in tura a lambarka, ta je ta tsaya inda za ta tsaya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakata aji huɗu, yadda nake magana haka nake dannawa.

Wata bakwai ke nan. Na fita takaba lafiya. Muna nan unguwarmu Sa'alaba a Jidda ba mu tashi ba. Maganar iƙama, takardar zamanmu a ƙasar nan, 'ya'yan ubangidanka sun tsaya mana, halas an gama an gyara, kada ka damu. Ummi tana zuwa shagon ɗinkinta a Waziriyya, ta rame kaɗan amma tana cin abinci. Famfon banɗaki da ka ce za ka gyara ran Juma'a yana nan yana ɗiga, na sa masa bokiti. Ban san inda kabarinka yake ba, ka san nan mata ba sa zuwa, kuma ba a sa alama. In na wuce ta jikin katangar maƙabartar a mota sai in yi sallama ga kowa da kowa, in ce ai kana ciki za ka ɗauki taka.

Malam akwai maganar da nake so in gaya maka, kuma littattafanka ne suka jawo ta.

Suna nan guda goma sha huɗu a kan kanta yadda ka jera su. Ina goge musu ƙura duk Alhamis. Har yanzu in na buɗe ɗaya ƙamshin turaren gidan Shaiba nake ji. Shaiba dai, tsohon da ka yi wa hidima shekara talatin da ɗaya, wanda ya yi karatu a Ingila yana saurayi ya dawo da su a akwati, da idonsa ya yi rauni ya ce ka riƙa karanta masa, daga baya ya ce ka kwashe su naka ne. Ni ban iya karanta ko layi ɗaya ba, amma wa ya kai ni sanin abin da ke ciki? Duk Juma'a bayan la'asar, ranar hutunka, ka zauna a kan tabarma ka miƙe ƙafa, in kawo shayi da na'ana'a. Sai ka karanta shafi ɗaya a zuci, kafaɗarka ta fara rawa, ka cire tabarau ka share hawaye, ni ina zaune kamar wawiya ina jiran rabona. Sai ka gama dariyarka tukuna ka juya mini da Hausa.

Ka tuna sunayen da ka sa musu? Ka ce sunayen Turawa za su karya mini harshe. Maigidan ka kira shi Ɗan Gata, baransa kuma Sarkin Dabara. Ɗan Gata ƙato ne ɗan masu sarauta, ba ya noma ba ya kasuwa, ko wandonsa ba ya iya zaɓa da kansa, amma ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Kullum ya fita gida sai ya kwaso rigima. Ga Gwaggo Tsawa da in ta yi masa waya yake neman wurin ɓuya. Ni na riƙa tambayarka wai shi ba shi da uwa ne, ba mai yi masa faɗa ya nemi sana'a? Ka ce Uwar Ummi ki bar Turawa da halinsu, ki ji labari.

Wanda na fi so shi ne wanda abokinsa ya aike shi ya kai wa budurwa wasiƙa, ita kuma ta ɗauka shi ne mai son, ta ce ta amince. Kuma wai a al'adarsu namiji ba ya ce wa mace ba haka nake nufi ba, sai dai ya haɗiye. Ya koma gida kamar an tsoma kaza a ruwa. Sarkin Dabara ya ɗan yi gyaran murya, ya kawo masa shayi. Kwana biyu ya shirya yadda yarinyar za ta zo gidan daidai lokacin da Ɗan Gata yake waƙa a banɗaki. Tana jin muryar ta ajiye zoben baikonsu a kan tebur ta tafi. Ladan aikin kuma ita ce laimar nan mai ruwan hoda da Ɗan Gata yake ji da ita, wadda baran ya tsana, washegari aka gan ta a hannun mai kawo madara. Na sa ka maimaita mini wannan ya fi sau goma. Kuma duk maimaicin sai ka ƙara gishiri, kana tsammani ban lura ba?

Na san abin da ya sa kake son su. Kai ne kake guge wa Shaiba riga, ka karya masa ƙyallen kansa irin na Larabawa yadda tsinin zai zauna daidai tsakiyar goshi, ka dafa masa gahawa, ka tuna masa magani, ka san wanda za a ce masa yana nan da wanda za a ce yana barci. Ka taɓa ce mini a duniya ba ka ga inda aka rubuta littafi aka ba mai irin aikinka hankali aka hana maigida ba sai nan. Ka ce mutumin da ya rubuta su ya san aikin. Ni a lokacin na ce hmm kawai.

To ga abin da ban taɓa ba ka haƙuri a kansa ba.

Ummi tana shekara bakwai. Wata Juma'a kana cikin nishaɗi ka buga ƙirji ka ce ai ni ma bara ne kamar Sarkin Dabara. Yarinya tana gefe tana ji. Ka san Hausar 'ya'yan Jidda, suna jin kalma amma ba sa jin hawa da saukarta. Ta je makarantar allo a Mahjar, malama ta tambayi kowa sana'ar ubansa, ta ce Babana bara yake yi. Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Wai ashe Malam da yake fita da farar riga fes, bakin danja yake zuwa ya miƙa hannu. Ka san ciwon kalmar nan a garin nan, inda in an ga baƙar fatarmu an ji Hausa a bakinmu abin da ake fara zato ke nan. Na je sayen tumatir mata suka yi shiru da na iso. Wata har ta ce Allah ya rufa asiri, ai neman halak ba kunya.

Na dawo gida ina huci. Kai ka yi dariya, ka ce a kira yarinya a koya mata bambancin bara mai hidima da bara ta roƙo. Ni kuma na ce maka, ban manta ba, na ce da wannan da wancan duk ɗaya ne, dukkanku hannu kuke miƙa wa Balarabe.

Ka ninke tabarau ka sa a aljihu. Juma'a uku ba ka buɗe littafi ba. Na yi maka tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ɗauka wannan ya isa ban haƙuri. Ka ci, ka ce an gode. A Juma'a ta huɗu ka ɗauko littafi ka ci gaba daga inda ka tsaya kamar ba a yi komai ba. Amma daga ranar ba ka sake buga ƙirji ba. Na lura Malam. Shekara goma sha tara ina lura, bakina ya ƙi buɗewa. Me ya hana ni? Kalma nawa ce in ce maka ka yafe mini?

Kuma daga ranar na canza maka aiki. Duk wanda ya tambaya sai in ce wakilin wani attajiri ne kai. Haka na gaya wa Yaya Asabe a Haɗeja, haka na gaya wa kowa a gida. Na san ka ji ina faɗa a waya, ba ka taɓa gyara mini ba.

Yanzu ga labarin gida. Ummi ta samu miji. Sunansa Nura, injiniya ne ɗan Kaduna, kwantiragi ya kawo shi, aikin ruwa yake yi. Kana kwance a asibiti suka fara magana, shi ya sa ba ka gan shi ba. Yaro ne mai kunya, yana tuɓe takalmi tun daga ƙofar waje. Watan jiya kawunsa Alhaji Sani, tsohon hedimasta, da yayarsa Hajiya Binta suka zo umara, suka biyo su ga gidan da yarinya ta fito. Na gyara falo, na yi sambusa. Alhaji Sani yana zama idonsa ya faɗa kan kanta. Ya tashi ya ɗauko ɗaya, ya ga inda ka ja layi da fensir, ya yi murmushi ya ce shi ma ya karanta irinsu a kwaleji. Ya ji ina ta cewa Malam, Malam. Sai ya haɗa biyu da biyu, ya ce ashe marigayi malamin Turanci ne, abokin aikinsa ne.

Ban ce e ba. Na gyaɗa kai kawai. Hajiya Binta ta saki fuska, ta gyara zama, ta ce ai daga ganin tarbiyyar yarinya an san gidan ilimi ne. Nura yana zaune, kuma ya san gaskiya don Ummi ta gaya masa tun ranar farko, amma ya sunkuyar da kai yana wasa da kofi. Ashe shi ma bai gaya wa danginsa ba. Matsorata biyu a falo ɗaya.

Suna fita Ummi ta tasa ni gaba, rabi Hausa rabi Larabci, ka san ta in ranta ya ɓaci. Ta ce haramun ne abin da na yi. Ta ce ita ba za ta shiga gidan miji da uban aro ba, ko in gaya musu ko ita ta fasa. Ni kuma na ce mata ba ta san mutanen gida ba, ba ta san yadda suke bin asali kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa ba, in suka ji za su iya janyewa. Shekararta ashirin da shida Malam, kuma tana son yaron nan. Na rasa wanne zan tsare mata, mijin ko uban.

Bayan sun dawo daga Madina suka sake zuwa sallama, ranar Asabar da hantsi. Maza suna falo, ni da Hajiya Binta muna bakin ƙofar ɗaki a bayan labule, Ummi tana kicin don kunyar surukai. Sai aka ƙwanƙwasa. Wa zan gani? Shaiba, a keken guragu, direbansa ya turo shi ya koma mota. Ashe lokacin rasuwarka an kai shi waje magani, 'ya'yansa suka ɓoye masa, suka riƙa ce masa ka tafi Najeriya ganin gida. Sai a makon da ya zo ɗin ya matsa suka faɗa. Ya ce a kai shi gidanka yanzu yanzu.

Malam da ka gan shi da ka yi kuka. Rigar sanyi ce a jikinsa, mai ruwan ƙasa, a wannan zafin. An ɓalle maɓallin sama a ramin na biyu. Tsinin ƙyallen kansa yana kallon kunnensa na hagu. Ni da ba aikina ba sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Ya fara magana yana kiran sunanka, sunan da ni ban taɓa faɗa ba kuma ba zan rubuta ba. Yana yi yana hawaye. Alhaji Sani Larabcinsa na Alƙur'ani ne, na Jidda ya wuce shi. Nura kuwa Larabcinsa daga yalla sai halas. Sai Alhaji Sani ya juyo wajen labule ya ce in taimaka musu da abin da bawan Allah nan yake cewa.

Ka ga inda Allah ya kai ni? Ni kaɗai ce tafinta. Duk abin da na ce shi ne. Shaiɗan ya zo kunnena ya ce ki ce ɗalibinsa ne, ya koya masa Turanci, yana kukan malaminsa. Wallahi da ta zauna daram, har littattafan za su yi mini shaida. Na ji ƙarar cokali ta tsaya a kicin, na san Ummi tana saurare. Sai na tuna wata magana da ka yi kan Sarkin Dabara, ranar da na ce ai mutumin nan maƙaryaci ne. Ka ce yana yi, amma ki duba, duk ƙaryarsa don ya fitar da wani daga rami ne, bai taɓa yin wadda za ta ƙara masa tsawo ba. Na tambayi kaina tawa wace iri ce. Na so in ce don Ummi ce. Amma ai na fara ta tun Ummi ba ta san aure ba.

Sai na fassara. Yadda ya faɗa haka na faɗa. Ya ce shekara talatin da ɗaya ba wanda ya yanke masa farcen ƙafa sai kai, na faɗa. Ya ce da ɓarin jikinsa ya shanye kai kake ɗaukarsa ka kai shi banɗaki ka yi masa wanka, kuma kana yi kana kallon bango don kada ya ji kunya, na faɗa. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana aikenka sayen baƙin rinin gemu kana dawowa ka ce ya ƙare a kasuwa, duk Jidda, shekara goma sha ɗaya, kuma ya sani sarai ƙarya kake don ba ka so jikokinsa su yi masa dariya. Nan Alhaji Sani ya yi dariya bai shirya ba. Shaiba ya ɗaga kai ya ga littattafan, ya nuna su da yatsa, ya ce kana karanta masa kana danne dariya, kana tsammani bai gane shi ne sakaran da ke cikin littafin ba. Ya ce ya gane tun littafin farko, ya ƙyale ka ne don yana son jin muryarka.

Daga ƙarshe ya faɗi kalma biyu. Ya ce kai hadiminsa ne, kuma ɗan'uwansa ne. Ta biyun ba wuya. Ta farkon na tsaya a kanta. Hadimi ma ai Hausa ce, da na bar ta haka ta wuce a hankali. Amma na ce bara. Na ce mijina bara ne, baran wannan tsohon, ba malamin makaranta ba ne, iyakarsa aji uku na sakandare, ni ce na gyaɗa kai rannan kuma ban kyauta ba. Na faɗe ta da muryarta daidai, ba wanda zai ji ta da wata ma'ana.

Hajiya Binta ta ajiye kofinta a ƙasa a hankali, ta janye gefen mayafinta daga jikina. Ta leƙa ta yi wa Nura magana da Turanci. Ban ji ba amma na gane. Alhaji Sani ya yi maka addu'a mai tsawo, ya riƙe hannun Shaiba da hannu biyu, suka tashi. Dabinon da na ɗaure musu na tsaraba a nan suka bar shi. Kafin direba ya fitar da Shaiba Ummi ta fito ta durƙusa ta gyara masa maɓallin nan, ta juya masa ƙyallen. Hannunta irin naka ne, ban taɓa lura ba.

Kwana shida ba mu ji daga dangin Nura ba. Nura ya kira, Ummi ta ƙi ɗauka, ta ce sai ya koyi buɗe baki a gaban yayarsa. Tana dawowa daga shago ta kwanta ta ɗora kai a cinyata. Ni kuma ina ta lissafin ko na kashe mata aure da bakina. Ka ga da kana nan da ka yi gyaran murya ka samo dabara. Ni ba ni da ita.

Ran na bakwai Alhaji Sani ya kira daga filin jirgi. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce aikinka bai dame shi ba, shi ma ubansa dako ya yi a tasha ya biya masa makaranta. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai gyaɗa kaina ne, don wanda ya ɓoye ɗaya ana tunanin akwai biyu. Ya tambaye ni ko akwai saura. Na gaya masa komai, har shekarun da muka yi ba takarda muna ɓuya kafin Shaiba ya zama kafilinmu, mai tsaya mana wajen hukuma. Ya ce to, za su aiko bayan ƙaramar sallah. Hajiya Binta ta ce ita ba za ta zo ba, ba da ita ba. Ban san yadda zaman Ummi da ita zai kasance ba, wannan yana damuna, ba zan ɓoye maka ba. Amma Nura ya zo da kansa ya ba Ummi haƙuri a gabana, ya ce ya gaya wa yayarsa ko ta zo ko kada ta zo, aure ba fashi.

Da na ga na fara sai na ce bari in ƙarasa. Na kira Yaya Asabe. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce mata Yaya, maganar wakilin nan da nake faɗa muku ba haka ba ne. Malam, dariya ta yi har da tari. Ta ce ai sun sani tun tuni. Ta ce alhazan garinmu nawa ka kai gidan Shaiba suka ci abinci, suka gan ka da tire a hannu? Ta ce shekarar da ka je gida kai da bakinka ka gaya wa su Baba aikinka, sannan ka roƙe su kada wanda ya nuna mini ya sani, wai ina da zuciya, a bar ni da abina.

Ashe duk shekarun nan ni ake lallaɓawa. Ina ɓoye ka, kai kana rufa mini. Gari guda ka haɗa baki da su don kada in ji kunya, kuma ka dawo ka zauna kana jina ina cewa wakili a waya, kana shan shayinka. Yaya aka yi ka iya? Ba ka taɓa jin kamar ka ce mini ya isa ba?

Ka yafe mini Malam. Maganar da na faɗa maka rannan ba gaskiya ba ce, kuma tun ina faɗar ta na san ba gaskiya ba ce. Ba ka taɓa miƙa wa kowa hannu ba sai don ka tashe shi. Na so a ce na faɗa maka wannan kana zaune a kan tabarmarka, ka kalle ni ta saman tabarau. Ban samu ba, laifina ne.

An kira azahar, bari in tashi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta, ya ba ka masu yi maka hidima a Aljanna kai ma ka miƙe ƙafa. Sai mun zo.

Taka har kullum,
Uwar Ummi, matar bara,
Sa'alaba, Jidda.